Dodon Koɗi a Akwatin Kifin Amana

Tun ɗazu nake jin ka, ɗan'uwa, kana cewa 'yan zaman kashe wando sun cika maka ƙofar shago har masu sayayya sun daina tsayawa, kuma gobe da sanda za ka fito. Ajiye sandar tukuna in ba ka labarin wata dattijuwa da har yau nake ganin girmanta.

'Yarta ce za ta tafi bautar ƙasa, ta bar mata amanar wani akwatin gilashi cike da ruwa, da ƙananan kifayen ado a ciki, da tsirran ruwa da yarinyar ta dasa da hannunta cikin tsakuwa. Ta ce, "Umma, ɗan kaɗan za ki riƙa barbaɗa musu abincin, sau ɗaya a rana." Uwar ta ce to, amma a ranta ta ce wannan ai rowa ce. Matar da ko kazar maƙwabta ba ta barin gidanta da yunwa, ina za ta iya cin tuwo ana kallonta ta cikin gilashi? In ta karya kumallo ta ba su, in ta ci na rana ta ba su, baƙi ma in sun zo sai a miƙa musu gwangwanin abincin kowa ya barbaɗa. Abin da kifi ya rage ya riƙa kwanciya a ƙasa. Ashe akwai ƙwan dodon koɗi manne a bayan ganyen tsirran. Suka ƙyanƙyashe, suka tarar da gara, suka shiga hayayyafa ba kunya ba tsoron Allah. Ba a jima ba gilashi ya yi baƙi da su, ruwa ya soma wari, kifaye na haki a sama. Ranar da ɗaya ya mutu sai da ta yi hawaye, don da wane ido za ta dubi mai amana?

Masu shawara kuwa ba sa ƙarewa. Wani ya ce ta ɗiga fiya-fiya, wata ta ce ta tumɓuke tsirran ta wanke komai da omo. Dattijuwa ta ce maganin da zai kashe baƙo ba zai bar ɗan gida ba. Sai ta jawo kujera ta zauna tana kallo kawai, har ta lura da inda dodon koɗin suka fi cunkushewa: daidai kusurwar da take zuba abinci. Ta riƙe haɓa ta ce, "Ashe ni ce nake yi musu girki." Nan ne ta burge ni, wallahi. Ganin laifin wani ba wuya, amma mutum ya gano ɓarna a cikin alherinsa, wannan sai mai zuciya. Ta kame hannunta, ta koma barbaɗa ɗan kaɗan, ko da kifayen na bin ta da ido ranta na sosuwa. Da yamma ta tsoma ganyen kabeji a ruwan zafi ta jefa a akwatin, da safe ta ɗago shi jingim da dodon koɗi ta kai wa agwaginta. Ruwan ma kaɗan-kaɗan ta riƙa canzawa. Ba ta ƙarar da dodon koɗin duka ba, ta bar 'yan tsiraru suna lashe gansakukar jikin gilashi. Da yarinyar ta dawo ta tarar da ruwa garau, tsirrai sun yi sabon tofo. Uwar ba ta jira a tambaye ta ba, ta faɗa mata labarin kifin da ya mutu, da kuma hannun da ya jawo.

To kai ma, kafin ka ɗaga sanda, duba ka ga wa yake fito da benci da butar shayi kullum da hantsi. Hausawa sun riga sun faɗa: sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.