Ƙarar Awarwaro

Ku yi haƙuri da rubutuna, ban iya tsara magana ba. A aji ma idan aka ce in tashi in yi karatu, muryata rawa take yi. Labarin wata mata ne kawai, kuma ba wanda ya san ina rubuta shi.

Ɗinki take yi, kowa Umma yake ce mata. Mijinta ya rasu da daɗewa, ya bar ta da 'ya'ya biyu mata. Babbar ta karanta aikin jinya, shi ya sa ake kiranta Likita. Ƙaramar kuwa Auta ce, irin yaran nan da sai ka kusa taka su kake sanin suna ɗakin.

Likita akwai surutu. Tun daga bakin ƙofa za ka ji ƙarar awarwaronta, sai ta leƙo ta ce, "'Yar tsohuwa, me aka ajiye mini?" Umma ta jefe ta da guntun ƙyalle tana dariya. Duk duniya ba wanda ya isa ya kira Umma haka sai ita.

Sai Likita ta samu aiki a wata ƙasa mai nisa, inda idan gari ya waye a nan su lokacin suke kwanciya. Ranar tafiya ta cire awarwaron ta zuba a aljihun keken ɗinki, ta ce asibitin can ba a barin ma'aikata su sa.

Umma ba ta yi kuka ba. Ta dai rufe keken da tsohon zane, ta juya kujerarta tana kallon ƙofa.

Dama ciwon suga ya taɓa mata ido. Kafin shekara ta zagayo, inuwa kawai take gani, kanta ma ya fara haɗa jiya da bara. Idan Likita ta kira aka kara mata waya a kunne, sai ta ture. "Wannan ba ita ba ce. 'Yata ba ta magana daga cikin kwali."

Ta daina cin abinci. Auta ta kawo shayi, ta ce ajiye. Ta kawo magani, ta ce, "Likita ce take ba ni. Zan jira ta." Shayin ya huce, ƙuda ya faɗa, a zubar. Malamin asibiti ya ce idan aka ci gaba a haka, ba za ta kai ko'ina ba. Auta malamin ya faɗa wa haka, don ba wani babba a gidan.

Wata rana da yamma aka turo ƙofa. Awarwaro ya yi ƙara. Ƙamshin turaren da Umma ta sani ya cika ɗakin.

"'Yar... 'yar tsohuwa, me aka ajiye mini?"

Umma ta miƙe har kujera ta faɗi. Ta lalubo fuskar, ta shafa, ta shafa kafaɗa, ta kama hannun riga. Ɗinkinta ne, ta gane shi.

"Mara kunya! Sai yau? Ji yadda kika rame, riga tana yawo a jikinki. Ba sa ba ku abinci a can ne?"

Ranar ta cinye kwanon shinkafa, ta haɗiye maganinta ba gardama.

Maƙwabciya ta shigo aron dutsen guga, ta tarar ana taje wa Umma kai. "Kin ga Likita ta dawo?" in ji Umma. Matar ta buɗe baki, ta dubi mai taje kan, sai ta rufe. Ta ce, "Na gani. Sannu da hanya." Ta fita ba ta ɗauki dutsen ba.

Umma ta murmure. Ta yaye zanen da ke kan keke, da lalube ta rage wa rigar faɗi, ta naɗe mata ƙasa. Ta ce ƙasar nan tasu har tsawo take rage wa mutum. Idan ta ce a ba ta labarin can, amsar gajera ce: akwai sanyi, akwai dogayen gidaje. Idan ta ce a auna mata jini, sai a ce abin awon ya lalace. Wayar kuma ba ta daina ƙara ba duk ƙarshen mako, sai dai yanzu bayan tankin ruwa ake zuwa a amsa ta, a dawo da jan ido.

Abu ɗaya ne yake ɓata wa Umma rai. Jiya ana matsa mata ƙafa ta ce, "Ni kam ina Auta? Tun da kika dawo ban ƙara jin motsinta ba."

"Tana makaranta."

"Kullum makaranta! Yarinyar nan ba ta damu da ni ba. Da ita kaɗai na haifa, da tuni an manta inda aka binne ni."

Hannun da ke matsa ƙafar ya tsaya kaɗan, sannan ya ci gaba. Awarwaro yana ta ƙara a hankali. Umma ta yi barci tana murmushi.

Ban san yadda labarin zai ƙare ba. Ban ma san ko zunubi ne ko lada ba. Abin da na sani, tana cin abinci.

Ga shi ta tashi, tana ƙwala wa Likita kira. Bari in ajiye biro in mayar da awarwaron Yaya hannuna, don idan na shiga ba ta ji ƙararsa ba, za ta gane ni ce Au...