Jiniyar da Aka Adana

Ta banka ƙofar ofishin darakta ko sallama babu, taɓon unguwar Malali har gwiwarta.

"Ranka ya daɗe, ina jiniyata?"

Shekara uku ta yi tana ƙera ta, na'urar da ke kwarma ihu da zarar kogi ya taɓa ta, mutane su samu sararin kwashe 'ya'yansu. Watan jiya aka kafa ta a bakin ruwa, aka sha hotuna da jawabai. Jiya da hantsi ambaliya ta cinye layi huɗu, har da mahaifiyarta da ba ta iya tashi. Jiniya ko tari ba ta yi ba.

"Injiniya, kayan gwamnati ne. A bar wa ɓarayi? Washegarin bikin muka adana ta."

Ta gangara sito. Tsohon maigadi ya nuna mata ƙofa mai kwaɗo biyu.

"Wallahi aikinki ya yi kyau, Hajiya. Ruwa na shigowa nan ta fara ihu, har la'asar tana yi. Ogan sito kuwa ya tafi Abuja da mabuɗan, taron shirin ko-ta-kwana."