Akwatin da Ke Sauraron Gaisuwa

Tun da kamfanin inshora ya kafa akwatin magani a ɗakin Baba, Hansatu ta koma mai gadin ƙofa. Akwatin yana da kunne. In majinyaci ya ce "da sauƙi" sau uku, sai a yanke masa ƙwayoyi. Baba ya riga ya faɗa sau biyu.

"Don Allah, Baba, in an tambaye ka, ka ce jiki ya ƙi."

"In yi wa Ubangiji butulci saboda ƙwaya?" ya ce yana haki.

"Su ina ruwansu? Gaisuwarmu suka mayar kasuwa!"

Da hantsi ta tare masu dubiya a zaure, ta roƙe su addu'a kawai, ban da tambaya. Tana dama kunu, Malam Barau, abokin Baba na ƙuruciya, ya shige.

"Tanimu, ya jiki?"

Ta yar da ludayi ta ruga. Baba ya dubi akwatin, ya dubi 'yarsa, ya dubi abokinsa.

"Da sauƙi, Barau. Alhamdulillahi."

Akwatin ya yi ƙas, ya kulle. Wata murya mai fara'a daga cikinsa ta ce, "Muna taya ka murna."