Tukunyar da Baba Ya Kai Gyara

Ina ɗan shekara tara na raka kakata, Inna, kasuwar Tudun Wada. A rumfar 'yan gwanjo ta ɗauki wata tukunyar tagulla tana dubawa.

"Tsohuwa ce, Hajiya, daga Makka," in ji mai rumfar.

Inna ta kife ta, ta shafa zane uku na ƙusa a gindinta.

"Ƙirar Bida ce, Malam. Uwata ta yi wannan zanen ranar aurena."

Tukunyar da Baba ya ce ya kai gyara ce. Inna ta goge ta da mayafinta, ta ajiye.

A hanya ta ce, "Kada ka gaya wa babanka."

Ban gaya masa ba. Bara muka binne shi, yana zaton ba ta sani ba.