Wuƙar Bahago

Ni'imatu ta fara ganinsa a majemar babanta a Kebbe, ranar da ya zo sayen fata. Ta kawo dakakkiyar bagaruwa a ƙwarya, ta tarar da shi a tsugune yana murza fatar jar akuya tsakanin yatsunsa, ya karkata kai kamar fatar na yi masa magana. Da zai yanki gefenta ya gwada, sai ya zaro wuƙa da hagu. Dariya ta kuɓuce mata. Ya ɗago ya dube ta, bai ji haushi ba. Maccido sunansa, baduku daga Tambuwal. Kafin kaka ta zagayo an kai ta gidansa.

Ba su daɗe tare ba yaƙin Turawa ya yi zafi. Aka zo ɗibar gwamna, sunansa ya faɗa cikin waɗanda aka kai haƙar kuza ƙasar Jos. Ya tafi da alkawari guda a wuyansa: gafakar da zai ɗinka wa Alƙur'anin limamin unguwarsu.

Ya dawo wata ranar Talata da magariba, a kan jakin fatake, lulluɓe cikin babbar riga. Ya shige ɗaki, bai sake fitowa ba. Masu zuwa barka da dawowa daga bayan asabari yake amsa musu. Wasu suka ce girman kai ya koyo a bariki, wasu suka ce iska ce ta taɓa shi. Ni'imatu kan shiga da tuwo ta daɗe ba ta fito ba. Abu ɗaya ya roƙe ta ranar da ya dawo, kuka ya hana ta amsawa, shi ma bai ƙara tayar da zancen ba.

Sai dattawan dukawa suka aiko. In Sallah ta zo gafakar liman ba ta fito ba, za a ba wani rumfar mahaifin Maccido ta kasuwa, a daina lissafa gidansu cikin masu sana'a.

Washegari ta jawo jakar kayan aikinsa daga ƙarƙashin gado. Tsatsa ta ci wuƙaƙen, basilla ta lanƙwashe, gara ta cinye ƙotoci. Ta jiƙa ƙarafan a ruwan tsamiya, ta dirje su da toka da yashi har suka yi haske, ta shafe su da man shanu. Sannan ta ɗaure su a tsumma ta kai wa tsoho Ɗangiwa, maƙerin da ya ƙera su tun zamanin surukinta.

“Baba, a sake musu ƙota, siririya. Babbar wuƙan nan kuma a juya mata baki.”

Ɗangiwa ya gwada kaifin a babban yatsansa. “Juya baki? Wanga wasi na hagu na, ɗiyata. Ni na yi shi. Mijinki bahago na tun shina rarrafe.”

“Haka ya ce a yi.”

“To, Jos ta koya mai ladabi ke nan,” in ji tsohon, ya ja dutsen wasi yana dariya shi kaɗai.

Kayan aiki suka gyaru, saura fata. A kasuwar Tambuwal babu ta kirki. Dillalan kamfani sun kwashe masu kyau tun suna ɗanyu, sun bar masu tabon ƙarzuwa da waɗanda wuƙar mahauci ta huda. Wadda aka kawo mata daga Sanyinna ta tsage a ninki na farko. Sai ta ce za ta ganin gida, ta bi ayarin masu gishiri zuwa Kebbe.

Babanta Sambo ya saurare ta bai katse ta ba. Ya hau turmi, ya sauko da wata fata da ya ɓoye a rufin ɗaki, ja wur da rinin karan dafi, mai laushi kamar kunnen ɗan maraƙi. Da ta miƙa hannu za ta karɓa, ya tsaya yana kallon yatsunta, inda lalle ya rufe ƙananan raunuka.

“Lallen ga ya yi kauri, Ni'ima. Biki aka yi?”

“A'a, Baba.”

Ya daɗe bai saki fatar ba. Daga baya ya ce, “Wagga ba ta son gaggawa. A bi ta sannu.”

Daga nan ƙofar ɗakin Maccido ta riƙa zama a rufe tun hantsi har la'asar. Maƙwabta kan ji muryarsa ƙasa-ƙasa, wani lokaci da faɗa, su ji bugun guduma a kan katako. Suka ce alhamdu lillahi, baduku ya farfaɗo.

Ranar jajibere ta kai gafakar gidan liman. Tana zaune wurin uwargidan ta jiyo shi daga zaure yana nuna wa dattawa ɗinkin, yana cewa Jos ba ta ɓata hannun yaron nan ba. Rumfa ta tsira.

Ta dawo ta faɗa wa mijinta yadda liman ya ce, ba ta rage komai ba. Maccido ya juya fuskarsa ga bango. Hawaye suka gangaro masa har cikin gemu, ya bar su suna zuba. Ta matso ta share masa da bakin zanenta.

“Abin da ka roƙe ni, Malam, na ɗauka,” in ji ta. “Muddin ina da rai ni zan riƙa ɗinki, kai za a riƙa yabo. Kuma ba mai ji daga bakina cewa nakiyar fasa dutse ta raba ka da hannuwanka duka biyu.”