Mai Yasar Rijiya da Teɓarsa

Ke da kika zauna a gabana leɓe a bushe, kina alfahari wai kwana huɗu ba ki sa komai a baki ba sai ruwan zafi da lemon tsami, kuma kullum kina zagaye unguwa har ƙafa ta kumbura don likita ya ce ki rage ƙiba, gyara zama ki ji. Ni ba lallashi na iya ba.

A garinmu an yi wani mai yasar rijiya, wanda in rijiya ta cushe da laka shi ake zurawa ciki ya kwashe har idon ruwa ya buɗe. Shekara ashirin yana wannan aiki. Sai ya karye a ƙafa, ya shekara a kan tabarma, daga tuwo sai fura mai sukari, ya tashi da teɓa kamar an kifa masa masaki. Ana nan sai rijiyar unguwa ta toshe, ita kaɗai ke shayar da gida arba'in, mata suka koma ɗibar ruwa a rafi mai nisa. Da ya zo bakin rijiyar, ƙartin nan biyu da suka saba riƙe masa igiya suka dube shi sama da ƙasa, ɗayan ya ce, "Baba, mu fa mutum muka saba saukarwa, ba buhun gero biyu ba." Mai unguwa ya ba shi mako uku, in bai shiga ba a kira wani daga ƙauyen gaba. Shi kuwa ya sani, in baƙo ya shiga rijiyar garinku sau ɗaya, sana'a ta bar gidanku ke nan. Sai ya ɗaura yaƙi da cikinsa. Ya daina cin abinci, sai jiƙon tsamiya. Da hantsi faskare, da rana tsaka ya ɗora dutse a ka ya zagaye gari, barci ma ya raba shi biyu wai shi ke tara kitse. Matarsa ta dafa wake da zogale ta ɗora masa kifi, ya ture akushin da bayan hannu. Kwana huɗu yana haka, a na biyar yunwa ta kayar da shi, ya laɓe bayan rumfar mai fanke ya cinye na mutum uku, ya dawo gida yana tsine wa kansa, gari na wayewa ya sake farawa. Da wa'adi ya cika ya rame kam, amma a ina? Kumatu sun zurma, damatsa sun saki kamar tsumma, cinyoyi sun tsotse. Teɓa kuwa tana nan, ɗan kaɗan ta ragu. Jiki in ka hana shi ci da hutu, ba kitse kaɗai yake lasa ba, har naman ƙarfi yake haɗawa.

Ranar shiga aka ƙaro mutum na uku a kan igiya, aka zura shi. A ƙa'idar aikin, in mai yasa ya isa ƙasa sai ya kwance igiyar daga ƙugunsa ya ɗaura wa guga, in kuma zai fito da ƙafarsa yake hawowa, yana taka 'yan ramukan da aka sassaƙa a bangon rijiya, na sama tallafa masa kawai suke yi. Guga takwas na laka suka hau lafiya. A na tara idon ruwa ya ɓalle. A da, nan ne yake yin kabbara mata su ɗauki guɗa. Ran nan yana miƙewa jiri ya kwashe shi, duhu ya rufe masa ido. Kafin ya dawo hayyacinsa ruwa ya kai gwiwa. Ya sa ƙafa a ramin farko, cinya ta hau rawa, ya zame. Ya sake sawa, ya sake zamewa. Ya kamo igiya zai ɗaura a jikinsa, yatsu suka ƙi ƙullin da ya yi sau dubu. Ruwa ya kai ƙugu. Na sama suna ƙwala masa kira, ya buɗe baki, muryar ba ta wuce kansa ba. Sai da ruwa ya taɓa ƙirji ya samu ya zarga igiyar ta hammata, ya ja ƙullin da haƙori. Ƙarti uku suka ja, bai taso ba, laka ta riƙe ƙafafunsa, shi kuwa ba shi da ƙarfin fizgewa. Da gudu aka kwanto shanun huɗa na wani maƙwabci, aka ɗaura igiyar a karkiyarsu. Su suka finciko shi, ruwa na shiga masa hanci, yana gogar bango tun daga ƙasa har sama, haƙarƙari biyu a karye, fatar baya a saɓule.

Ya rayu. Yana jinya, waken nan da zogalen da ya ture su ya dawo yana ci, ya yi sallar isha'i ya kwanta, da ya warke ya riƙa takawa gona da safe ya dawo ya huta. Wata biyar, mazagin wandonsa ya fara yi masa yawa ba tare da ya wahalar da kowa ba. Sai dai an riga an kira baƙon nan na ƙauyen gaba ya ƙarasa aikin, kuma har tsohon ya mutu ba a sake kiransa bakin rijiya ba. Abin haushin, shi ne mai yi wa mata faɗa in sun kwashe rijiya ƙarƙaf, ya ce su bar ta ta kwana ta tara. Ya san haƙƙin rami, bai san na jikinsa ba.

To, ga wake can a tukunya, tashi ki zuba daidai cikinki, ki ci ki kwanta, tafiyar ki bar ta sai jibi. Masu iya magana ba su yi ƙarya ba: da ruwan ciki ake jan na rijiya.