Kwanon Shaida

Mushe Issa, wato Malam Issa, ya ɗaga kwanon gilashin zuwa hasken taga, ya yi tsaki. Kwanon ya sake tsirowa.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Baturen da ke koyar da kimiyya a kwalejin Dogon Dutsi ya koma ƙasarsu, ya bar wa Issa madubin ganin ƙwayoyin cuta, da kwanonin gilashi masu murfi, da gwangwanin wani gari mai daskarar da romo.

A baki aikin ba wuya. A dafa romon nama da garin, a zuba a kwanoni, a turara su har duk mai rai da ke ciki ya mutu. Yara su dangwala yatsa a wasu, a rufe, a ɗaure, kada a ƙara buɗewa. Bayan 'yan kwanaki su ga abin da hannu marar wanki ke ɗauke da shi. Kwano ɗaya ne ba mai taɓawa, wanda ake yi wa alama da alli. Shi ne kwanon shaida, aikinsa kawai ya zauna fes, ya nuna an yi komai cikin tsabta.

To, na Issa ya ƙi zama fes.

Anspekter, mai duba makarantu daga Yamai, ya riga ya yanke magana: in ya dawo ya tarar shaida ta ɓaci, ɗakin kimiyyar haɗari ne ga yara. Za a rufe shi, a tura Issa wata ƙaramar lakwal, makarantar ƙananan yara, a Dogon Kiriya ya koyar da baƙaƙe.

Makarantar ba ta da murhu, don haka a gida yake turara kwanonin, a tukunyar mahaifiyarsa Inna Kaltume. In ya sauke, sai ya jera kwanonin a ɗakinsa su huce, ya tafi masallaci, ya dawo ya sa su a akwati sai makaranta. Shi ne ɗan farinta. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallon fuskarsa, balle ta tambaye shi aiki. Tana dai zaune tana iza wuta tana taunar goronta. Ran da abin ya ishe shi har ya nuna mata kwano mai alamar ya ce wannan ne zai kore shi daga garin, "uhm" kawai ta ce, ta kau da kai. Ya san kunya ce irin ta iyaye, amma abin ya yi masa ciwo.

Ba abin da bai gwada ba. Ya tsawaita turarawar har itacen gidan ya ƙare. Ya sauya mahauci. Ya zargi Maikano mai gadi, ya ƙwace makullin ɗakin kimiyyar daga hannunsa a gaban yara, tun ranar dattijon bai sake gaishe shi ba. 'Yan makaranta suka fara raɗa cewa doguwa ce ke kwana a ɗakin, har wasu suka daina zama kusa da ƙofar.

Duk da haka kwanon sai ya tsiro. Tabo fari, tabo rawaya, da wani ɓarɓashi ja-ja a tsakaninsu wanda bai yi kama da komai a littafin Baturen ba. Issa ya rame, ya gaji har ya daina fushi.

Anspekter ya dawo. Ya ɗaga kwanon shaida, ya duba, ya ajiye a hankali. Bai ma yi faɗa ba, makullin kawai ya karɓa.

Ran tafiya, Issa na ɗaure kayansa a bayan zana, sai ya ji maƙwabciyarsu Lantana ta shigo tana yi wa tsohuwar ƙorafi.

"Haba Kaltume! Yaron ga ya sha wahala gabanki, ko sannu ba ki ce mai ba."

Inna ta tofar da tukar goro, ta sassauta murya don kada ya ji.

"Ke dai bari, Lantana. Baki ne ba ya iya faɗi, amma Allah ya sani ban zamna ba. Duk ran da yat turara kwanonin ga yat tafi masallaci, sai na buɗe mai alamar allin na tofa mai addu'a."